Joseph Smith da bindigar kurkukun Carthage: shahada ce ko kare kai?

"Malam, barka da aiki. Wasu samari biyu masu wa'azin cocin Mormon sun ba ni ƙasida a Abuja. A ciki an ce wanda ya kafa cocinsu, Joseph Smith, shahidi ne, an kai shi mayanka kamar ɗan rago. Da na nuna wa wani abokina mai karatun tauhidin Kirista, sai ya yi dariya, ya ce ai mutumin da bindiga a hannu ya mutu, har ya harbi mutane, don haka batun shahada bai ma taso ba. Wanne ne gaskiya? Kuma wanda ya kare kansa, shahadarsa ta ɓaci ke nan?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya. Ta farko ta tarihi ce: shin Joseph Smith ya yi harbi ranar da aka kashe shi? Wannan amsarta gajeriya ce, eh ya yi, kuma mabiyansa ne da kansu suka fara rubuta hakan. Ta biyu ta ma'auni ce: da wane sikeli ake auna shahada, kuma wa ke riƙe da sikelin? A nan aikin yake. Ni dai ba ɗan cocinsu ba ne, tarihin addinai nake koyarwa, kuma abin da na lura da shi a aji shi ne duk lokacin da wannan batu ya taso, ɗalibai kan rufu a kan bindigar su bar abin da ya fi ta nauyi, wato dalilin da ya sa aka kashe mutumin.

Yadda aka kai ga kurkuku

An kafa cocin a jihar New York a 1830. Cikin shekara goma 'yan Mormon sun yi ƙaura zuwa Ohio, sun zauna a Missouri an kore su, sannan suka gina gari a bakin kogin Misisipi a jihar Illinois, suka sa masa suna Nauvoo. Majalisar jihar ta ba garin takardar izini mai faɗin gaske a ƙarshen 1840: kotunsa daban, dakarun sa-kai nasa daban, waɗanda yawansu ya haura 2,000. Ya zuwa 1844 Joseph Smith shi ne shugaban coci, shi ne magajin gari, shi ne babban kwamandan dakarun, shi ke jagorantar kotun gari, ga shi kuma ya fito takarar shugabancin Amurka. Mabiyansa in za su yi zaɓe, wuri ɗaya suke zuba ƙuri'a. Maƙwabtansu na garuruwan Warsaw da Carthage suna kallon wannan duka suna ƙwafa.

Wutar daga cikin gida ta tashi. William Law, wanda a da yana cikin mataimakan Smith na kusa, shi da wasu da suka ɓalle suka buga jarida mai suna Nauvoo Expositor ranar 7 ga Yuni, 1844. Fitowa ɗaya tak ta yi. Ta zargi Smith da auren mata da yawa a ɓoye, da koyar da cewa alloli suna da yawa, da cuɗa mulki da addini. Zargin auren ba ƙage ba ne: cocin da kansa a yau ya yarda cewa an ɗaura masa aure da mata tsakanin 30 zuwa 40, alhali a lokacin yana musantawa a bainar jama'a. Ranar 10 ga wata majalisar gari ta ce jaridar fitina ce ga jama'a, Smith a matsayin magajin gari ya ba da umarni, aka fito da injin ɗab'in titi aka farfasa shi, aka ƙona sauran takardun. Dallin Oaks, masanin shari'a wanda daga baya ya shiga sahun manyan shugabannin cocin, ya yi nazarin lamarin a 1965, ya ce ko da majalisar na da hujjar hana yaɗa takardun bisa dokar wancan zamani, fasa injin kansa ba shi da madafa.

Daga nan komai ya kwaɓe. Thomas Sharp, editan jaridar Warsaw Signal, ya rubuta cewa lokacin magana ya wuce, sai a ba da amsa da albarushi da harsashi. Ranar 18 ga wata Smith ya kafa dokar soja a Nauvoo, ya tsaya gaban dakarunsa cikin kayan janar, ya zare takobi. Gwamna Thomas Ford ya iso Carthage, hedikwatar gundumar, ya nemi Smith ya miƙa kansa, ya kuma yi alkawarin kare lafiyarsa. Daren 22 ga wata Smith da wansa Hyrum suka haye kogi zuwa Iowa da niyyar gudu. Saƙo ya biyo su daga matarsa Emma da wasu abokai, wasu ma suna ce masa matsoraci mai barin garke in kura ta zo. Sai ya juyo. A hanyar Carthage, ranar 24 ga wata, aka ruwaito ya ce yana tafiya kamar ɗan rago zuwa mayanka, kuma a ranar ce ya sa hannu aka mayar wa jiha makaman da ta ba dakarun Nauvoo. An ba da belinsu a kan tuhumar tayar da tarzoma, nan take aka sake kama shi da Hyrum bisa cin amanar jiha saboda dokar sojan nan, tuhumar da ta hana su fita a kan beli.

'Yan mintoci a saman bene

Kurkukun ginin dutse ne mai hawa. Ranar 27 ga Yuni su huɗu ne a ɗakin kwanan mai gadin gidan a sama: Joseph mai shekara 38, Hyrum mai 44, da John Taylor da Willard Richards waɗanda suka zauna da su don raɗin kansu. Ƙofar katako ce, sakatarta ma ba ta kamawa sosai. Da safe Gwamna Ford ya sallami yawancin dakarun da ya tara, ya kama hanyar Nauvoo, ya bar gadin a hannun rundunar garin Carthage, wadda kowa ya san ƙiyayyarta ga fursunonin. Wani maziyarci, Cyrus Wheelock, ya shigo da ƙaramar bindiga mai baki shida a cikin rigarsa ya bar wa Joseph. Akwai wata mai harsashi ɗaya da John Fullmer ya kawo tun farko, ita ce ta koma hannun Hyrum.

Wajen ƙarfe biyar na yamma mutane tsakanin 150 zuwa 200, sun shafe fuskokinsu da baƙi, suka afka wa gidan. 'Yan gadin ƙofa ba su yi wata turjiya ta kirki ba. Maharan suka hau matakala, na ciki suka danne ƙofa da kafaɗa. Harsashi ya huda katakon ya sami Hyrum a fuska, ya faɗi ya mutu. A lokacin ne Joseph ya ɗan buɗe ƙofar, ya zura hannu, ya danna kunama sau shida. Uku suka tashi, uku suka ƙi. Taylor na tsaye a gefe da sanda yana kakkaɓe bakunan bindigogin da ake turowa ta kafar ƙofa. Da ya nufi taga aka harbe shi har wuri huɗu, ya mirgina ƙarƙashin gado, ya rayu. Joseph ya nufi tagar shi ma, aka harbe shi daga ciki da waje, ya faɗo ƙasa yana cewa "Ya Ubangiji Allahna". Richards, wanda ƙofa ta kare shi da ta buɗe, kunnensa kawai aka shafa.

Harsasan nan uku sun sami mutane. Taylor ya rubuta daga baya cewa ya ji an ce biyu daga cikinsu sun mutu, kuma wannan jimla ce masu suka ke yawan ɗaukowa, amma jita-jita ce ya ji yana jinya, ba a tabbatar da mutuwar kowa ba. Mutane uku da aka ce su ne suka ji rauni an saka su cikin waɗanda ake tuhuma, suka tsere, ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Wani abin da za ka iya cin karo da shi a intanet shi ne wasiƙar da aka ce Smith ya aika wa Jonathan Dunham, mai riƙe da ragamar rundunar garinsu a lokacin, yana umartar sa ya kawo dakarun Nauvoo su fasa kurkukun. Jita-jitar umarnin tsohuwa ce, amma takardar da ke yawo jabu ce, aikin Mark Hofmann, ɗan damfarar tsofaffin takardu da asirinsa ya tonu bayan ya kashe mutum biyu da bam a 1985.

To abokinka bai yi ƙarya ba a kan bindiga. Sai dai in yana nufin sirri ne da aka binne, a nan ya zarce. Bayanin Richards ya fito a jaridar Nauvoo makonni kaɗan bayan kisan, da harbin da komai, kuma bindigar tana gidan tarihin cocin a Salt Lake City. Gaskiyar da za a ɗora wa cocin ita ce zane-zane da ƙasidun wa'azi sun daɗe suna tsallake ta, shi ya sa matashi ɗan Mormon kan firgita ranar da ya fara jin labarin daga bakin wani.

Sikelin wa?

Abokinka yana auna abin da sikelin Kiristocin farko, kuma sikeli ne mai ƙarfi. Yesu ya ce wa Bitrus ya mayar da takobinsa kube a daren da aka kama shi. Istifanas ya mutu ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara. A kan wannan tsari cocin Katolika ya gina sharuɗɗansa: a kashe mutum saboda ƙin bangaskiyarsa, shi kuma ya karɓi mutuwar. Wanda ya riƙe wannan, yana da dalilin cewa ɗan rago ba ya harbi. Kuma da yake Smith da kansa ya ɗauko siffar ɗan ragon, mabiyansa kuma suka sa ta cikin littafinsu mai tsarki, babu rashin adalci in an tambaye su ina ta dace.

Amma Kiristanci bai tsaya a sikeli ɗaya ba. Sarki Oswald na arewacin Ingila a fagen yaƙi ya mutu a 642, Sarki Olaf na Norway ma haka a 1030, dukansu an girmama su a matsayin shahidai. Misalin da na fi so in kawo wa ɗalibai ya fi waɗannan kusa, domin a jiha ɗaya ya faru, a bakin kogi ɗaya, shekara bakwai kafin Carthage. Elijah Lovejoy fasto ne ɗan jarida mai yaƙi da bautar da mutane. An lalata masa injin ɗab'i sau uku. Ranar 7 ga Nuwamba, 1837, a garin Alton, yana tsaron na huɗu da makami shi da magoya bayansa, aka harbe shi, bayan an kashe ɗaya daga cikin maharan. Coci-cocin jihohin arewacin Amurka suka kira shi shahidi, har yau haka ake kiransa, duk da cewa masu aƙidar ƙin ɗaukar makami irin su William Lloyd Garrison sun nuna takaicin cewa ya riƙe bindiga. Ka ga ke nan, Kiristocin wancan zamani da wancan wuri ba su ɗauki bindiga a matsayin mai warware shahada ba idan sun yarda da abin da mutum ya mutu a kai. Kuma ga abin da ke sa aji ya yi tsit: Lovejoy ya mutu yana kare injin ɗab'i, Smith kuwa fasa injin ɗab'i ne ya kai shi kurkuku.

Ɗalibaina Musulmi galibi mamakin gardamar suke yi tun daga tushe, domin sun tashi da hadisin da ke cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, sun kuma san Sayyidina Hamza da takobi a hannu ya faɗi a Uhudu. Nakan tuna musu cewa sun kuma san Sayyidina Usman, wanda ya hana a zubar da jini dominsa lokacin da aka yi wa gidansa ƙawanya. Abin da za su tambaya game da Smith ba zai zama ko ya kare kansa ba, sai dai a kan me ya tsaya, kuma amsarsu a kan da'awarsa ta annabci sananniya ce. Haka ma yawancin Kiristocin da ke hana shi sunan shahidi: da a ce babu bindigar sam, da ba za su ba shi ba, tunda a wurinsu annabin ƙarya ne. Bindigar hujja ce mai sauƙin nunawa, shi ya sa ake ɗauko ta.

Su kuwa 'yan Mormon, kare kai yana cikin koyarwarsu tun kafin Carthage da shekara goma sha ɗaya. A watan Agustan 1833, lokacin da ake korarsu daga gundumar Jackson a Missouri, Smith ya ba su wani nassi da ke cewa su jure cuta sau ɗaya, sau biyu, sau uku, su gargaɗi abokin gaba, in ya sake dawowa to yana hannunsu, ko da yake yafewa ta fi lada. A 1835 cocin ya fitar da matsaya cewa mutum na da haƙƙin kare kansa da abokansa da dukiyarsa idan babu halin kai ƙara nan take. A wasiƙar da Smith ya rubuta wa Emma da safiyar ranar da aka kashe shi, ya ce wajibi ne ga kowane mutum ya kare ransa da na iyalinsa idan larura ta kama, a cikin wasiƙar kuma ya ce ya miƙa wuya ga abin da zai same shi. Shi bai ga saɓani tsakanin biyun ba. A sikelinsu, sadaukarwar ta auku ne ranar da ya hayo kogi ya dawo, ya ajiye dakaru dubbai, ya shiga hannun hukuma yana zaton ba zai fito ba. Abin da ya faru a saman bene kuwa, mutum ne ya ga ɗan'uwansa kwance cikin jini, ga baƙi biyu da suka zauna dominsa.

Inda nake tsaye

A kan kare kai, ban ga abin gardama ba. Fursuna ne da ba a yanke wa hukunci ba, yana ƙarƙashin alkawarin gwamna, gungun mutane da makamai suka zo kashe shi, kuma su suka fara harbi. Babu shari'ar da na sani, ta addini ko ta ƙasa, da za ta kira harsasai ukun nan laifi. Waɗanda ke kwatanta abin da musayar wuta tsakanin ɓangarori biyu suna ɓata lissafi: ƙananan bindigogi biyu, ɗaya ma mai ƙin tashi, da sanduna, gaban mutum sama da ɗari. Kisan gilla ne, kuma shari'ar da ta biyo baya abin kunya ce. A watan Mayun 1845 aka gurfanar da mutum biyar, har da Thomas Sharp, masu taya alƙali hukunci ba ɗan Mormon ko ɗaya a cikinsu, aka sallame su duka.

Inda ƙasidar da aka ba ka ta gaza shi ne dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka hau matakalar nan, da za ka tare su ka tambaya, kaɗan ne za su ambaci Littafin Mormon, wato littafin da Smith ya kawo wa mabiyansa. Za su ce maka kotun Nauvoo na sakin duk wanda aka zo kamawa da sammacin waje, za su ambaci dakarun, da ƙuri'ar da ake zubawa wuri ɗaya, da jaridar da aka fasa, da raɗe-raɗin matan mutane. Wasu koke-koken gaskiya ne, wasu hassada ce da tsoro. Ɗan Mormon zai ce ai duk waɗannan daga addinin suka fito: tara mabiya wuri ɗaya umarnin wahayi ne, auren mata da yawa ma haka, don haka wanda ya kashe shi saboda su ya kashe shi ne saboda addininsa. Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma tana nufin addinin da ake magana a kai addini ne mai gari da kotu da runduna, wanda ya yi amfani da ƙarfin hukuma a kan 'yan cikinsa da suka soke shi. Shahidan ƙarni na farko ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka in za a ce shahidi, to irin su Oswald ne ko Lovejoy, ba irin su Istifanas ba, kuma ƙasidar hoton Istifanas take son ka gani.

Iyakar sana'ata ke nan. Masanin tarihi na iya faɗa maka wa ya fara harbi, wa ya yi alkawari ya saɓa, kuma ko a nan ya kamata ka san cewa labarin cikin ɗakin daga bakin mutum biyu muka same shi, Taylor da Richards, dukansu masoyan mamacin, ɗayansu ma daga baya ya zama shugaban cocin na uku. Matsayin mutum a wurin Allah kuwa ba a takardun kotu ake samunsa ba.

Abin da ya fi damuna da batun kare kai

Idan kana son wurin da koyarwar kare kai ta 'yan Mormon ke da tambayoyi masu wuya, ba Carthage za ka duba ba. Ka duba Missouri a 1838. Ranar 4 ga Yuli Sidney Rigdon, na hannun daman Smith, ya yi huɗuba ya ce duk gungun da ya sake taɓa su, to yaƙin ƙare dangi ne tsakaninsu. An kafa ƙungiyar asiri ta Danites da ta tsoratar da waɗanda suka ɓalle har suka bar gari. A watan Oktoba 'yan Mormon suka ƙona shaguna da gidaje a gundumar Daviess, suka gwabza da wata rundunar jiha a kogin Crooked. Ranar 27 ga wata Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarnin a ƙarar da su ko a kore su daga jihar, kwana uku bayan haka aka kashe musu mutum 17 a Haun's Mill, har da yara. Sun fi kowa shan wuya a wannan rikici, umarnin Boggs kuma sai a 1976 aka soke shi a hukumance, amma ba za a ce hannunsu bai taɓa wuta ba.

Bayan Carthage sun yi abin a yaba. Richards ya aika saƙo Nauvoo a daren cewa kowa ya zauna lafiya, dakarun kuma ba su motsa ba, alhali mutanen Carthage sun watse daga garinsu don tsoron ramuwa. Sai dai labarin jinin annabin da ba a rama ba ya bi su hamada lokacin da Brigham Young, wanda ya gaji Smith, ya kai su kwarin Salt Lake a 1847, har addu'ar neman Allah ya ɗauki fansa ta zauna cikin ibadar haikalinsu zuwa shekarun 1920. A watan Satumban 1857, ana fargabar isowar sojojin gwamnatin tarayya, dakarun Mormon na kudancin Utah, da taimakon wasu 'yan ƙabilar Paiute, suka yaudari wani ayarin matafiya daga Arkansas da farar tuta a Mountain Meadows, suka karɓe makamansu, suka kashe kimanin 120, maza da mata da yara, suka bar ƙananan yara 17. Cikin uzurin da aka riƙa yaɗawa daga baya har da cewa wasu a ayarin sun yi alfaharin suna da hannu a kashe Smith, zancen da masana tarihi ba su sami abin da ke tabbatar da shi ba. Mutum ɗaya kaɗai aka hukunta, John D. Lee, wanda aka harbe a wurin da abin ya faru a 1877. A 2007, shekara 150 bayan kisan, cocin ya bayyana nadamarsa a fili, ya kuma amince cewa shugabanninsa na yankin ne suka kitsa shi.